Furen kalandula: daga kunnen ɓera zuwa fatar mai jinya

Daga cikin ɗimbin furannin da aka tatsa aka gwada a jikin ɓeraye don neman maganin kumburi, kaɗan ne suka yi doguwar tafiya irin ta Calendula officinalis, wanda zan riƙa kira kalandula. Yawancinsu a takarda guda labarinsu ke ƙarewa. An tatsi fure, an ba ɓeraye 'yan kaɗan, kumburi ya ragu, an ce ana bukatar ƙarin bincike, shi ke nan. Kalandula kuwa an gano sinadarin da ke aiki a cikinsa, an shafa shi a fatar dabba, an ɗura mata shi ta baki, an auna jininta da hantarta, daga bisani kuma aka kai shi ga ɗaruruwan mata masu jinyar sankarar mama. A nan muna da amsar dabba, muna kuma da amsar mutum, don haka za mu iya jera su mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Ɗan gajeren tsiro ne mai fure ruwan ɗorawa ko ruwan goro, daga babban dangin nan na Asteraceae. An daɗe ana noma shi a kudancin Turai da kewayen Bahar Rum, ana shafa shi a kan rauni da ƙuna. Akwai rukunin sinadarai uku a cikin furen da suka shafi wannan magana. Karotinoyid su ne ke ba shi launi. Filabonoyid, irin su dangin kwasetin da isoramnetin, suna fita a cikin etanol da ruwa. Sai tiritapinoyid, waɗanda mai ne ke narkar da su, ruwa ba ya iya fito da su sosai. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Wanda ya jiƙa furen a ruwan zafi da wanda ya tatse shi da etanol da wanda ya dafa shi a cikin mai, fure ɗaya suka taɓa, amma abu uku daban suka samu a hannu.

Kunnen ɓera a Tiriyeste

A Jami'ar Tiriyeste da ke Italiya, Roberto Della Loggia da Aurelia Tubaro da abokan aikinsu sun ƙware a wani gwaji mai sauƙin bayani. Ana ɗiga man kuroton a cikin kunnen ƙaramin ɓera guda ɗaya, a bar ɗayan kunnen. Man kuroton daga 'ya'yan itacen Croton tiglium ake samunsa, yana ɗauke da sinadarai masu tsokanar fata matuƙa. Kunnen sai ya yi ja, jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo ya taru, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin. Bayan awa 6 a kashe dabbar, a huda ɗan da'ira mai faɗin milimita 6 daga kowane kunne, a ɗora a sikeli. Bambancin nauyin da ke tsakanin biyun shi ne kumburin. Idan an haɗa man kuroton da abin da ake son gwadawa kuma bambancin ya ragu, to abin ya yi aiki.

A 1994 suka buga sakamakon aikinsu kan kalandula a mujallar Planta Medica. Abin da ya ba aikin daraja shi ne ba su tsaya a kan cewa furen ya rage kumburi ba. Sun tatsi furen da iskar kabon dayoksaid a ƙarƙashin matsi, hanyar da ke fito da sinadarai masu narkewa a mai. Sai suka rarraba abin da suka tato kashi-kashi, suna mayar da kowane kashi ga kunnen ɓera. Kashin da ya yi aiki su sake raba shi, wanda bai yi ba su ajiye. Da haka suka yi ta bin sawu har suka iso kan tiritapinoyid, a cikinsu kuma suka tsaya a kan wani mai suna faradiyol.

Akwai wani abu a sakamakon da masu talla kan tsallake. Faradiyol tsantsa, wanda ba a haɗe yake da komai ba, shi ne ya fi duk sauran ƙarfi, har ya yi kunnen doki da indometasin, maganin kumburin da aka saba gwada sababbi da shi. Amma faradiyol tsantsa babu shi a cikin abin da aka tato daga furen. Abin da ke ciki faradiyol ne ɗaure da wani ɓangaren kitse, kuma wannan bai kai tsantsar ƙarfi ba. Muhimmancinsa ya zo ne daga yawansa. Saboda haka jimlar nan da ake yawan maimaitawa, cewa kalandula daidai yake da indometasin, ta karkace daga abin da aka gano. Sinadari guda da aka kwance a ɗakin gwaje-gwaje shi ne ya yi daidai da maganin, a kan kunne, cikin awa 6.

Sun kuma gano abin da a ganina ya fi komai amfani. Da suka kwatanta tatattun furen daban-daban, ƙarfin kowanne wajen rage kumburi ya tafi daidai da yawan ɗaurarren faradiyol da ke cikinsa. Suka ba da shawara a mayar da wannan ma'aunin inganci. Ma'ana, kada a tambayi ko akwai kalandula a cikin man shafawa, a tambayi nawa ne faradiyol ɗin. A 1997 wani aiki da Karin Zitterl-Eglseer ta jagoranta daga Biyana, da wannan gwajin kunne dai, ya sake nuna cewa tsantsar faradiyol ya fi ɗaurarrensa ƙarfi.

Gwajin kunne yana da iyakarsa, kuma masu yinsa sun san da haka. Ana sa maganin ne tare da abin da ke tsokanar fatar, lokaci guda, don haka ana auna hana kumburi tasowa ne, ba warkar da wanda ya riga ya kafu ba. Fatar kunnen ɓera siririya ce ƙwarai, abin da aka ɗiga yana ratsa ta cikin sauƙi, musamman da yake a cikin asiton, wani ruwa mai saurin ratsa fata, ake narkar da shi. Fatar mutum ta fi kauri nesa ba kusa ba.

Tafin ƙafa a Kerala

Mataki na biyu ya zo daga Cibiyar Binciken Kansa ta Amala da ke Tirishur a jihar Kerala ta Indiya, inda Korengath Preethi da Girija Kuttan da Ramadasan Kuttan suka ba dabbobi tataccen furen ta baki. Gwajin da suka dogara da shi tsoho ne. A 1962 Charles Winter da Edwin Risley da George Nuss, masu bincike a kamfanin Merck, suka bayyana cewa idan aka yi wa ɓera allurar karajinan a tafin ƙafar baya, ƙafar na kumbura ta hanyar da za a iya aunawa a kuma maimaita. Karajinan daga wata jar ciyawar teku ake samunsa. Kumburin zuwa biyu yake yi. A awa ta farko histamin da serotonin, sinadaran da jiki ke saki su tayar da kumburi, su ne ke kan gaba. Daga wajen awa ta uku sai furostagilandin su karɓi ragama, kuma su ne magunguna irin su asfirin da indometasin ke hana jiki ƙerawa, kamar yadda John Vane ya nuna a 1971. Wannan gwaji ya taka rawa wajen fito da indometasin kansa, don haka ba abin rainawa ba ne.

A rahotonsu na 2009, miligiram 250 na tataccen furen ga kowane kilo na nauyin dabba ya rage kumburin karajinan da kashi 50.6 cikin ɗari, miligiram 500 kuma ya rage shi da kashi 65.9. Sun kuma tayar da kumburin ƙafa da wasu sinadarai biyu, fomalin da destiran. A gwajin fomalin, wanda kumburinsa ke daɗewa, an samu kashi 32.9 da 62.3. A gwajin destiran kuwa kashi 41.9 da 42.4 aka samu.

Waɗannan alƙaluma biyu na ƙarshe sun cancanci a tsaya a kansu. An ninka maganin sau biyu, sakamako bai motsa ba. Destiran yana kumbura ƙafa ne ta hanyar fasa wasu ƙwayoyin garkuwar jiki su saki histamin da serotonin, ba ta hanyar furostagilandin ba. To ko dai abin da furen zai iya yi a wannan ɓangare ya riga ya kai ƙarshensa tun a miligiram 250, ko kuma abin da ke aiki a nan daban yake da wanda ke aiki a karajinan. Kowanne ne, sakamakon yana tuna mana cewa kumburi ba abu guda ba ne. Hanyoyi ne da yawa masu kaiwa ga kamanni ɗaya, kuma abin da ya toshe wata hanya yana iya barin wata a buɗe.

Sun ƙara da wani gwajin. Suka yi wa ƙananan ɓeraye allurar LPS, wani ɓangare na bangon ƙwayoyin bakteriya da ke tayar da garkuwar jiki tsaye. A dabbobin da suka sha tataccen furen, sinadaran kiran yaƙi irin su TNF-alfa da IL-1 beta da IL-6 ba su hau yadda suka hau a sauran ba, haka ma CRP, furotin da ke hawa a jini idan akwai kumburi, haka kuma COX-2 a cikin saifa. COX-2 shi ne ke ƙera furostagilandin a wurin kumburi, don haka wannan ya yi daidai da abin da aka gani a tafin ƙafa. Aikin ya haɗu da kyau.

Matsalar tana wajen yawan abin da aka bayar. Ba a mayar da awon ɓera na mutum ta hanyar ninka kilo kawai, domin ƙaramar dabba tana sarrafa magani da sauri. Ƙa'idar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 2005 ta ce a raba awon ƙaramin ɓera da 12.3, na babban ɓera kuma da 6.2. Idan aka bi wannan lissafi, miligiram 500 a ƙaramin ɓera ya zo kusan giram 2.4 ga mutum mai kilo 60, a babban ɓera kuwa kusan giram 4.8. Wannan fa busasshen abin da aka tato ne, ba furen ba, kuma sai an tara fure mai yawa kafin a sami giram guda. A wannan gwajin dai, indometasin kan yi aikinsa da miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo. A 2020 Michael Heinrich na Jami'ar UCL da ke Landan tare da wasu masanan magungunan tsirrai sun fitar da shawarar cewa ga tataccen tsiro, miligiram 100 zuwa 200 ya kamata ya zama iyaka ta sama idan ana son sakamako mai ma'ana. Duk awo biyun da aka yi amfani da su a Kerala sun haura wannan iyaka. Ba laifin masu binciken ba ne su kaɗai, haka al'adar fagen take a lokacin, har yanzu ma ba ta gushe ba. Amma mai karatu ya kamata ya sani.

A lura kuma cewa tataccen Kerala ta baki aka ba da shi, na Tiriyeste kuwa a fata aka sa shi, kuma hanyar tatsarsu ba ɗaya ba ce. Ba za a ɗauki faradiyol na can a ce shi ya yi aikin nan ba sai an nuna.

Batun antioksidan

Jiki yana ƙona abinci da iskar oksijin, kuma a cikin wannan ƙuna wasu ɓurɓushin oksijin marasa natsuwa kan kuɓuce. Suna fizgar abin da suka rasa daga kitsen bangon ƙwayoyin jiki, daga furotin, daga ƙwayoyin gado. Kusan irin abin da ke faruwa ne idan ƙarfe ya yi tsatsa. Antioksidan shi ne duk abin da ya tare wannan ɓarna. Alaƙarsa da kumburi a fili take, domin fararen ƙwayoyin jini da gangan suke fesa waɗannan ɓurɓushi don kashe ƙwayoyin cuta, naman da ke kusa kuma ya sha rabonsa.

Masu binciken na Kerala sun buga wannan ɓangare tun 2006. A cikin kwalbar gwaji, tataccen furen ya kashe kaifin ɓurɓushi iri-iri. Wannan ba abin mamaki ba ne, kuma ba shi da nauyi sosai. Kusan duk wani fure ko ganye mai filabonoyid zai canza launin ruwan DPPH, sinadarin da aka fi yin wannan gwaji da shi, wanda kuma babu shi a jikin kowace halitta. Filabonoyid ɗin da ya yi bajinta a kwalba, idan aka haɗiye shi, hanji da hanta suna sauya masa siffa, abin da ke isa jini ɗan kaɗan ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa ma'aikatar noma ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin antioksidan na abinci a 2012, bayan ta ga ana amfani da alƙaluman wajen talla alhali ba su nuna abin da ke faruwa a jikin mutum.

Ɓangaren dabba ya fi ban sha'awa. Bayan wata guda ana ba ƙananan ɓeraye tataccen furen, katales ya ƙaru, gulutatayon ya ƙaru a jini da hanta. Waɗannan kayan kariya ne da jiki ke ƙera wa kansa. Amma wani daga cikinsu, gulutatayon feroksides, raguwa ya yi. Ina ganin wannan shi ne layin da ya fi kowanne gaskiya a rahoton, domin ya hana a karanta shi a matsayin labari mai daɗi daga farko har ƙarshe. Sannan ƙaruwar katales kanta tana da fassara biyu. Tana iya nufin furen ya ƙarfafa garkuwa. Tana kuma iya nufin jiki ya ɗauki abin a matsayin baƙon da ya ɗan takura masa, sai ya tayar da kariyarsa. Sinadaran tsirrai da yawa ta wannan hanya ta biyu suke aiki, suna kunna wani makunni a cikin ƙwayar jiki mai suna Nrf2. Wannan yana iya zama alheri, amma ba shi ne hoton da ake zana wa mai saye ba. Kuma hawan lamba a hantar lafiyayyen ɓera bai nuna an kare shi daga wata cuta ba.

Akwai dalilin da ya sa nake taka-tsantsan da kalmar antioksidan fiye da ta kumburi. Beta-karotin, ɗan uwan sinadaran da ke ba kalandula launinsa, ya yi fice a kwalba da kuma a dabba. Da aka gwada shi a Finlan a kan maza 29,133 masu shan taba, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a waɗanda suka sha shi. Wani gwajin a Amurka mai mutum 18,314, wanda ya haɗa beta-karotin da bitamin A, dakatar da shi aka yi a 1996 bayan an ga ƙaruwar kashi 28. Wannan bai shafi man kalandula da ake shafawa ba ko kaɗan. Abin da ya nuna shi ne, a wannan fage, tsalle daga kwalba zuwa mutum ya taɓa cin rayuka.

Su kansu ɓerayen, gardama ba ta ƙare a kansu ba. Nanogiram 2 zuwa 4 na LPS ga kowane kilo ya isa ya sa mutum zazzaɓi, ɓera kuwa da miligiram ake yi masa awo, alhali miligiram guda nanogiram miliyan ɗaya ne. A 2013 wata babbar tawaga a Amurka ta kwatanta yadda ƙwayoyin gado ke amsawa ga ƙuna da rauni da LPS a mutum da ƙaramin ɓera, ta ce kamannin kaɗan ne ƙwarai. Daga baya masana biyu a Japan, Keizo Takao da Tsuyoshi Miyakawa, suka sake nazarin bayanan nan dai ta wata hanya suka ce kamannin na da yawa. Matsayina shi ne ɓera yana amsa tambayar da aka yi masa da gaskiya, sai dai tambayar ƙunci gare ta.

Mata 254 a Liyon

Gashin sankara, wato haska wa ƙari haske mai ƙarfi don a kashe shi, wuri ne da ya dace a gwada wannan fure, domin ya haɗa ɓangarorin biyu, ɓurɓushin oksijin da kumburi. Hasken da ake haska wa ƙari yana farfasa ruwan da ke cikin ƙwayoyin jiki ya haifar da ɓurɓushin oksijin, fatar da hasken ya ratsa kuma sai ta kumbura. Bayan 'yan makonni takan yi ja, ta yi zafi, wani lokaci ta saɓule tana tsattsafar ruwa. Idan abin ya tsananta sai an dakatar da gashin, kuma dakatarwa tana da nata haɗarin.

Tsakanin Yulin 1999 da Yunin 2001, Pascal Pommier da abokan aikinsa a cibiyar kansa ta Léon Bérard da ke Liyon a Faransa suka raba mata 254 masu jinyar sankarar mama gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Mata 126 suka riƙa shafa man kalandula bayan kowane zaman gashi, 128 kuma suka riƙa shafa tirolamin, man da aka saba bayarwa a Faransa a lokacin. Sakamakon ya fito a 2004 a mujallar Journal of Clinical Oncology. Ƙunar fata mai mataki na biyu ko sama ta samu kashi 41 cikin ɗari na masu kalandula, ta samu kashi 63 na masu tirolamin. Masu kalandula sun fi ƙarancin raɗaɗi, an kuma fi ƙarancin dakatar musu da gashi. Sun koka cewa man yana da wahalar shafawa, amma sun fi gamsuwa da shi.

Tazarar maki 22 ba ƙarama ba ce, kuma wannan gwaji ne na gaske a kan mutane masu jin jiki. Duk wanda ya bi labarin daga kunnen ɓera zai so ya ce magana ta ƙare.

Abu biyu ne suka hana. Na farko, mayukan biyu sun bambanta a launi da ƙamshi da kauri, don haka matan sun san abin da suke shafawa, likitoci kawai aka yi ƙoƙarin ɓoye wa. Ga ma'auni irin raɗaɗi da gamsuwa, wannan yana da tasiri. Na biyu ya fi nauyi. Man kalandular da aka yi amfani da shi a cikin basilin aka haɗa shi, tirolamin kuwa mai ne sassauƙa mai ruwa-ruwa. Basilin shi kaɗai yana rufe fata ya hana ta bushewa. To nasarar ta furen ce, ko ta basilin ce, ko kuwa tirolamin ne ya gaza? Tsarin gwajin ba zai iya rarrabewa ba. Kuma wasu gwaje-gwaje a Arewacin Amurka, ɗaya a 2000 ɗaya a 2006, ba su ga tirolamin ya fi kulawar da aka saba ba, har ƙungiyar MASCC ta masu kula da majinyatan kansa ta ba da shawara a 2013 cewa kada a riƙa amfani da shi don rigakafin wannan ƙuna.

Sitokhom

Lena Sharp da abokan aikinta a Sitokhom ta ƙasar Suwidin suka sake ɗaukar tambayar da mata 420, wannan karon tare da ɓoye wane mai ne wane. Suka kwatanta man kalandula da wani farin mai na yau da kullum wanda babu wani magani a cikinsa. A rahotonsu na 2013, ƙuna mai tsanani ta samu kashi 23 cikin ɗari na masu kalandula da kashi 19 na masu farin mai. A lissafin ƙididdiga babu bambanci. Wani ƙaramin gwaji a Ostireliya da aka buga a 2021, mai mata 81, shi ma bai ga bambanci ba.

A dubi ɓangaren da ba su shafa kalandula ba a biranen biyu: kashi 63 a Liyon, kashi 19 a Sitokhom. Wannan tazara ta ninka duk wani tasirin da ake jingina wa furen. Shekaru sun shuɗe tsakanin gwaje-gwajen biyu, dabarun gashi sun inganta, man da aka yi kwatance da shi daban ne, man kalandular ma na wani kamfani ne daban da nasa tsarin haɗi. Ba daidai ba ne a ce Sitokhom ta ƙaryata Liyon kai tsaye. Abin da za a iya cewa shi ne, da aka tsaurara tsari aka kuma sauya abokin kwatance, fifikon ya ɓace.

Inda maganar ta tsaya

Abin da ke damuna a wannan lamari shi ne zaren da aka saki a tsakiya. Tun 1994 aka nuna cewa ƙarfin tataccen kalandula yana bin yawan faradiyol ɗinsa. Amma da aka zo kan mutane, kayan kasuwa aka kwatanta da kayan kasuwa, kowanne da nasa man da aka kwaɓa shi a ciki. Gwajin da zai raba gardama ba mai wuyar tsarawa ba ne. A ɗauki mai iri ɗaya a raba shi biyu, a zuba wa rabi tataccen furen da aka auna faradiyol ɗinsa, a daidaita launi da ƙamshin ɗaya rabin, a ɓoye wa majinyata da masu duba su, a kuma bayyana tun kafin a fara abin da za a auna da ranar da za a auna shi. Idan furen ya yi nasara a haka, nasararsa ce. Idan bai yi ba, an huta.

Ɓerayen da aka kashe don auna kunnuwansu ma suna da haƙƙi a wannan magana. Ƙa'idojin ARRIVE da aka fitar a Birtaniya a 2010 aka sabunta a 2020 sun nemi duk mai gwaji da dabba ya faɗi yadda ya raba su, ko mai awon ya san wace ce ta sha magani, da dalilin zaɓar yawansu. Takardun tatattun furanni da yawa ba sa faɗin waɗannan, kuma mai auna kaurin ƙafar ɓera da hannu, idan ya san wanda aka ba magani, hannunsa na iya karkata ba da niyya ba. Sake maimaita gwajin karajinan da fure na ɗari ba tare da an san abin da ke cikinsa ba asarar dabbobi ce.

A hukumance, kwamitin magungunan tsirrai na hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ya amince da furen kalandula don ƙananan kumburin fata irin na ƙunar rana, da ƙananan raunuka, da ɗan kumburin baki ko maƙogwaro. Amma ya sa shi ne a rukunin abin da aka daɗe ana amfani da shi, ba rukunin da gwaji a kan mutane ya tabbatar ba, kuma duk a kan fata ne ko kurkure baki, babu haɗiya don maganin kumburin cikin jiki. Ya kuma yi gargaɗi ga masu rashin jituwa da tsirran dangin Asteraceae. Wannan gargaɗi yana da tushe: a wani asibitin fata a Insburuk ta ƙasar Ostiriya, cikin majinyata 443 da aka manna wa gwaji a fata, 9 sun nuna rashin jituwa da kalandula, kamar yadda aka ruwaito a 2001. Ga mai karɓar gashin sankara, wadda fatarta ta riga ta raunana, wannan ya isa dalilin da za ta nuna wa likitanta ko ma'aikaciyar jinya duk man da take son shafawa kafin ta fara.